FASHIN BAƘI: Kasuwa ta dawo Birnin Gwari, saura kunnen da zai saurari mai saye

A ƙarshen watan Nuwamban 2024 ne Gwamnan Jihar Kaduna, Uba Sani, ya je Birnin Gwari ya karɓi rukunin farko na 'yan bindigar da suka amince su ajiye makamai, sannan ya sake buɗe kasuwar shanu ta garin, wato Kara, wadda ta shafe kimanin shekara 10 a rufe. Tun daga lokacin, muhawarar da ake yi ta fi karkata ga siyasa da tsaro: ko sulhun zai ɗore, da makomar waɗanda aka kashe wa 'yan uwa, da kuma wanda zai biya asarar da aka tafka. Duk tambayoyi ne masu nauyi, kuma sun cancanci amsa.

Sai dai akwai wata asara da ba a cika sanya ta cikin lissafi ba, saboda ba a ƙirga ta da gawa ko da buhu. A tsawon shekarun da hanya ta zama tarkon mutuwa, manomi da makiyayi da mai ƙaramar sana'a a wannan yanki sun daina jin abin da mai saye ke faɗa game da kayansu. Wanda ya sayi masara bara bai dawo bana ba balle ya ce ta yi danshi. Mahaucin da ya yanka sa a wani gari bai samu hanyar aiko da labarin abin da ya tarar a cikinsa ba. Kaya sun ci gaba da fita jefi-jefi, amma magana ta daina dawowa.

Wannan magana da ke dawowa daga bakin mai saye, yabo ce ko ƙorafi, ita ce makarantar da ƙaramin ɗan kasuwa ke koyon gyara a cikinta ba tare da ya biya ko sisi ba. Yanzu da motoci suka fara komawa, tambayar ita ce yadda za a sake buɗe wannan makaranta.

Yadda hanyar magana ta yanke

Birnin Gwari na daga cikin ƙananan hukumomi mafi faɗin ƙasa a Jihar Kaduna, kuma ta yi iyaka da jihohin Zamfara da Katsina da Neja. A cikinta Gandun Dajin Kamuku yake, wanda ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, kuma yana haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. Ƙasa ce ta noma: masara, dawa, shinkafa, waken suya, wake, gyaɗa da doya. Dajinta kuma yana ba da kaɗanya da ɗorawa da zuma. Garin yana kan tsohuwar hanyar da ta haɗa Kaduna da Legas ta Tegina, wata hanyar kuma ta nufi Funtua. Wannan matsayi ne ya sa fatake suka saba da shi tun da daɗewa.

Daga Kaduna zuwa Birnin Gwari tafiyar kimanin kilomita 120 ce. A shekarun da rikici ya yi ƙamari, direbobi sun riƙa taruwa suna jiran rakiyar jami'an tsaro kafin su bi hanyar, wasu kuma suka daina zuwa ɗungurungum. Ƙungiyar ci-gaban masarautar, BEPU, ta sha bayyana yadda manoma ke biyan 'yan bindiga haraji kafin su yi shuka ko su girbe abin da suka noma.

A ƙarshen daminar 2021, gwamnatin Nasir El-Rufai ta ɗauki wasu matakai domin toshe wa 'yan bindiga hanyoyin samun abinci da mai. An dakatar da kasuwannin mako-mako a wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Birnin Gwari, an taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da fetur a jarka. A ƙarshen Satumba kuma aka katse layukan waya a sassan jihar, ba a sanar da janye matakin ba sai a ƙarshen Nuwamba. Ko mene ne ra'ayin mutum kan amfanin waɗannan matakai ta fuskar tsaro, tasirinsu ga mai ƙaramar sana'a a bayyane yake. Kasuwar mako ita ce wurin da yake haɗuwa da abokin cinikinsa ido da ido, waya kuma ita ce hanyar da yake jin muryarsa daga nesa. An rufe duka biyun a lokaci guda.

Idan masu saye suka ragu haka, abu biyu ke faruwa. Manomi ba shi da zaɓi sai ya sayar wa duk wanda ya yi kasadar shigowa, a farashin da wannan mutum ya ga dama, don haka ƙoƙarin tsabtace hatsi ba ya ƙara masa ko kwabo. Mazauna gari kuma ba su da zaɓi sai su sayi abin da ya samu, don haka ƙorafinsu ba ya tsorata kowa. Ta kowane ɓangare, inganci ne ke shan kashi.

Ficewa ko ɗaga murya

Wani masanin tattalin arziki mai suna Albert Hirschman ya wallafa littafi a 1970 kan hanyoyi biyu da mutum ke bi idan bai gamsu da abin da ake ba shi ba. Ko dai ya fice a hankali ya koma wani wuri, ko kuma ya tsaya ya ɗaga murya ya nemi a gyara. Abin sha'awa ga mai karatu ɗan Najeriya shi ne, a ƙasar nan tunanin ya zo masa. A tsakiyar shekarun 1960 ya zo nazarin harkar jirgin ƙasa, ya ga yadda motocin dakon kaya ke ƙwace wa hukumar jiragen ƙasa ciniki, ciki har da dakon gyaɗa daga Arewa, amma hukumar ba ta gyara aikinta ba.

Bayanin da ya bayar shi ne, abokan cinikin da suka fi damuwa da inganci, waɗanda da su ne za su fi yin surutu, su ne suka fara komawa wurin masu motoci. Da suka tafi, sai surutu ya ragu. Gibin kuɗin da tafiyarsu ta haifar kuma baitulmali ke cike shi, don haka hukumar ba ta ji zafin komai ba.

Ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da baitulmalin da zai cike masa giɓi. Idan abokin ciniki ya fice ba tare da ya ce uffan ba, ya tafi da abu biyu: kuɗinsa da kuma dalilin tafiyarsa. Na biyun ya fi tsada, domin dalilin da ya kori mutum ɗaya yana nan yana jiran na gaba. Wanda ya tsaya ya ce man gyaɗar nan ya yi wari, ko garmar nan bakinta na lanƙwashewa, ya bai wa mai sana'a damar da wanda ya yi shiru ya hana shi.

A ƙasar Hausa wannan batu yana da nauyi na musamman saboda kunya da kara. Mutum zai sayi kaya wurin maƙwabcinsa ko ɗan gidan surukansa, ya ga aibi, amma ya kasa faɗa. Sai dai a ga ya sauya layi idan zai shiga kasuwa. In an haɗu a masallaci ko wurin suna a gaisa lafiya lau, mai kaya ya ɗauka babu komai. Shi ya sa a irin wannan al'umma, mai sana'ar da ke jiran ƙorafi ya zo ya same shi zai daɗe yana jira. Sai ya tashi ya nema.

Kunnuwan da kasuwa ke da su tun asali

Ba daga littattafan Turawa Bahaushe ya fara sanin darajar bakin mai saye ba. Tsarin kasuwar gargajiya yana da nasa hanyoyin isar da saƙo.

Na farko shi ne dillali. Aikinsa bai tsaya ga haɗa ciniki da karɓar la'ada ba. Shi ne ya san wane fatake ke son wane irin sa, wane mahauci ya yi ƙorafin cewa dabbar da ya saya a makon jiya hantarta ta lalace, wane mai kiwon turke ne dabbobinsa ke cika ido amma ba sa cika ma'auni. Wani masanin zamantakewa, Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya nuna yadda cinikin shanu tsakanin Arewa da Kudu ya tsayu a kan masu gida da dillalai da suka san halin kowane mai saye da mai sayarwa, har ake ba da shanu bashi bisa amanarsu. Rufe Kara na shekara 10 ya tarwatsa irin wannan sani da aka ɗauki shekaru ana tarawa. Bikin buɗewa na yini ɗaya ba zai dawo da shi ba.

Na biyu su ne shugabannin kasuwa: Sarkin Kasuwa, Sarkin Pawa da shugabannin 'yan hatsi. A wurinsu ake kai ƙarar algus da tauye mudu, kuma hukuncinsu kan zama darasi ga sauran. Fiƙihun Malikiyya da alƙalan wannan ƙasa suka daɗe suna aiki da shi ya bai wa mai saye damar mayar da kaya idan ya gano aibin da ke jikinsu tun kafin ciniki kuma ba a bayyana masa ba.

Na uku shi ne kwantai. Matar da ke yin ƙuli-ƙuli ko awara ko daddawa a cikin gida ba ta ganin masu sayen kayanta. Farantin da ya dawo da yamma shi ne rahotonta. In ya dawo wayam ta san ta dace. In ya dawo da saura, sai ta tambayi wanda ya kai talla abin da mutane suka ce: gishiri ne ya yi yawa, ƙullin ne ya ƙanƙance, ko wata ce ta fi ta arha. Babu kamfanin da ke samun amsa da sauri kamar haka.

Duk waɗannan hanyoyi suna buƙatar abu guda, wato ciniki mai maimaituwa. Mai saye sai ya san zai dawo kafin ya ɓata yawunsa wajen gyara wa wani kaya.

Abin da mai saye ya sani, mai kaya bai sani ba

Mai kaya yana ganin kayansa ne a ranar da suka bar hannunsa. Mai saye ne ke zama da su mako da wata. Wannan tazara ce ta sa maganarsa ke da daraja, kuma amfanin gonar Birnin Gwari da na dajinta suna ba da misalai a fili.

A ɗauki masara. Wadda aka zuba a buhu da sauran danshi tana iya yin kyau a ido a ranar kasuwa, amma bayan makonni sai ta yi fumfuna. Wasu nau'o'in fumfunar suna haifar da gubar afalatoksin, wadda ke illata hantar mutum, ta kuma rage wa kaji girma da yawan ƙwai. Shi ya sa masu haɗa abincin kaji, irin masana'antar da kamfanin Olam ya buɗe a Ƙaramar Hukumar Chikun a 2017, ke auna danshin hatsi kafin su karɓa. Masarar ajiya ana son danshinta ya sauka zuwa kusan kashi 13 cikin 100. Matsalar ita ce, idan aka ƙi karɓar mota guda a ƙofar masana'anta ko a kasuwar Dawanau ta Kano, saƙon yana isa ga manomi ne a matsayin ragin farashi kawai. Ɗan sari zai ce kasuwa ta faɗi. Manomi ya koma gida yana zargin kasuwa, alhali gyaran bai wuce ƙarin kwanaki na shanya a kan tamfol maimakon ƙasa ba. Akwai ma gwaji mai sauƙi da malaman gona ke koyarwa: a zuba hatsi da busasshen gishiri a kwalba busasshiya a girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalbar, to hatsin bai gama bushewa ba.

Labarin wake ya fi haka ɗaci. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya cikin ƙasashenta, bayan an sha samun ragowar maganin ƙwari, irin sinadarin da ake haɗa fiya-fiya da shi, fiye da ƙa'ida, kuma an ci gaba da tsawaita haramcin a shekarun da suka biyo baya. Kafin a kai ga haramci, an yi ta mayar da kaya ana aiko da gargaɗi. Gargaɗin bai sauko zuwa ga mai rumbu da mai shago da ke zuba maganin ba. Mafita kuwa tana nan: buhun ajiya mai ruɓi uku da masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma daga 2007, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba tare da magani ba. Mai sayar da wake da ya ji uwargida ta ce waken nan yana warin magani, ya ji irin abin da Turai ta faɗa wa Najeriya, kuma ya ji shi tun kafin ya yi asara.

Shinkafa kuwa misali ce ta inda sauraro ya yi amfani. Shekara da shekaru babban ƙorafin masu dafa shinkafar gida shi ne tsakuwa. Da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, mutane da yawa suka koma cin ta gida, ƙorafin kuma ya ƙara ƙarfi. Masu ƙananan injinan casa da suka sanya injin cire tsakuwa, suka kuma gyara yadda ake turara shinkafa da shanya ta, su ne suka riƙe abokan ciniki, har "ba tsakuwa" ta zama kalmar talla.

Man kaɗanya ma haka yake. Ƙwarar da aka bari ta kwana da yawa a jibge kafin a dafa, ko aka shanya ta ba ta bushe sosai ba, tana ba da mai mai ɗaci da saurin lalacewa. Wadda aka busar a kan hayaƙi kuma tana ɗaukar wari da wasu sinadarai da masu yin man shafawa ke gudu. Matar da ke sarrafa shi a ƙauye ba za ta san dalilin da ya sa ake saya a wurin wata da tsada ba sai an gaya mata. A watan Agustan 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da hana fitar da ɗanyar kaɗanya zuwa waje na wata 6, da nufin a riƙa sarrafa ta a gida. Duk yadda manufar ta kaya, wanda ya san abin da masu sayen mai ke nema shi zai fi cin moriyarta.

Sai zuma. Wadda aka ɗebo da wuta tana ɗaukar warin hayaƙi. Wadda aka cire kafin ƙudan zuma su rufe saƙar tana da ruwa da yawa, sai ta yi tsami ta kumfa a cikin kwalba. Ƙa'idar abinci ta duniya ta iyakance ruwan da ke cikin zuma ga kashi 20 cikin 100. Mai amya ba zai ga kumfar ba, domin a kantar wani a Kaduna ko Abuja take tasowa.

A duk waɗannan misalai, gyaran ba ya buƙatar babban jari. Abin da ya yi ƙaranci shi ne bayani, bayanin kuma yana hannun mai saye.

Ba kowane ƙorafi ne abin ɗauka ba

Duk wanda ya san kasuwa ya san kushe kaya wani ɓangare ne na tayi. Mai saye zai ɗaga ƙafar sa ya girgiza kai, ya ce ramamme ne, alhali shi yake so. Ɗan sari zai tauna ƙwayar masara ya yamutsa fuska don a rage masa. Wanda ya ɗauki kowace irin wannan magana a matsayin gaskiya zai karye da wuri.

Akwai alamomin da ke raba ƙorafin gaskiya da na neman ragi. Ƙorafin da ya zo bayan an biya kuɗi an yi amfani da kaya ya fi wanda ya zo ana tsakiyar ciniki nauyi, domin mai yin sa ba ya neman komai. Wanda ya ambaci takamaiman abu, kamar ɗinkin hammata ya warware bayan wanki biyu, ya fi wanda ya tsaya ga cewa kayan ba su da kyau. Wanda mutum uku da ba su san juna ba suka maimaita ya wuce a kira shi tsautsayi. Maganar tsohon abokin ciniki kuma ta fi ta ɗan wucewa.

Akwai kuma batun ƙarfi. Inda babban mai saye ɗaya ke fuskantar ƙananan manoma ɗari, kalmar "inganci" tana iya zama bulalar karya farashi. Maganin wannan shi ne ma'auni da kowa ya yarda da shi. Idan ƙungiyar manoma tana da sikeli da na'urar auna danshi nata, gardama ta koma kan lamba, ba kan wanda ya fi iya baki ko ya fi kuɗi ba. A nan sauraron mai saye da kare haƙƙin mai sayarwa suke haɗuwa.

Haka nan ba duk buƙata ce za a iya biya ba. Mai saye zai so kaya su fi kyau kuma su fi arha a lokaci guda. Aikin mai sana'a ne ya auna wane gyara ne mutane za su yarda su biya kuɗinsa.

Abin da mai ƙaramar sana'a zai iya yi

Binciken da hukumar SMEDAN da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka fitar kan shekarar 2020 ya nuna Najeriya na da ƙanana da matsakaitan sana'o'i kusan miliyan 40, mafi yawansu na mutum ɗaya ne ko 'yan kaɗan. Irin waɗannan ba su da sashen kula da abokan ciniki, kuma ba sa buƙatarsa. Abin da suke buƙata ɗabi'u ne kaɗan.

Tambaya ta farko ita ce wadda za ta ba mai kunya damar magana. "Yaya ka ga kayan?" amsarta "Madalla" ce a kullum. "Me zan gyara in za ka sake saye?" ta fi buɗe baki, domin ta mayar da ƙorafi taimako. Wani lokaci kuma gara a tura wani ya tambaya, domin abin da ba za a faɗa wa maigida ba ana faɗa wa yaron shago.

Sai karɓar lambar wayar duk wanda ya sayi kaya da yawa, a kira shi bayan mako biyu ko uku, lokacin da aibi ya isa ya bayyana. Saƙon murya na WhatsApp ya sauƙaƙa wannan ko ga wanda ba ya rubutu. Sanya suna da lambar waya a jikin buhu ko kwalba yana ba ƙorafi adireshin da zai bi, yana kuma ba yabo hanyar dawowa da sabon ciniki.

Sai rubutawa. Ƙaramin littafi da ake sa rana da abin da aka ce, da boko ko da ajami, yana nuna abin da ke maimaituwa, wanda ƙwaƙwalwa kan manta ko ta ƙi tunawa.

Mafi wuya shi ne karɓar kayan da aka dawo da su ba tare da ɓacin rai ba. Wanda aka yi wa tsawa sau ɗaya ba zai sake magana ba, kuma zai gaya wa wasu. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Idan an yi gyaran kuma, a sanar da wanda ya kawo maganar. Mutumin da ya ga an yi aiki da shawararsa yakan zama mai tallan kayan da bakinsa.

Rabon hukuma a ciki

Akwai abin da ya fi ƙarfin ɗan kasuwa shi kaɗai. Mai saye ba zai dawo ba sai hanya ta kasance lafiya a kowane mako, ba ranar da manyan baƙi za su zo kaɗai ba. Kira ba zai shiga ba sai akwai turakun waya masu aiki a Kuyello da Randagi da Dogon Dawa da sauran garuruwan masarautar. Duk lokacin da za a sake tunanin rufe kasuwa ko katse layi saboda tsaro, ya kamata a sa wannan asara a cikin ma'auni, a kuma faɗa wa jama'a wa'adin matakin.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ƙaramar hukuma da ke karɓar kuɗin shiga a kasuwa za ta iya yi: sikeli na gama-gari, daidaitaccen mudu, na'urar auna danshi a hannun shugabannin 'yan hatsi, likitan dabbobi a Kara ranar kasuwa, da wurin shanya mai siminti. Kuɗinsu bai kai na gina rumfuna ba, amma su ne ke mayar da "kayanka ba su da kyau" zuwa maganar da za a iya aiki da ita.

Ta fuskar doka, dokar gasa da kare haƙƙin masu saye da aka sanya wa hannu a farkon 2019, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta tanadi haƙƙin mayar da kaya masu aibi. Amma ofishin hukuma yana da nisa da kasuwar ƙauye. A aikace, Sarkin Kasuwa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su ne za su ci gaba da zama matakin farko, kuma sun cancanci a ƙarfafa su, a kuma sa musu ido kada su zama masu kare 'yan uwansu kawai.

Hirschman bai tsaya kan kamfanoni ba. Ya ce jam'iyyu da gwamnatoci ma suna lalacewa idan masu iya magana suka gwammace ficewa. Birnin Gwari ta ga irin wannan ficewa: 'yan kasuwa da ma'aikata da masu hali da suka kwashe iyalansu zuwa Kaduna da sauran birane. Dawowarsu, da kuma ba su damar faɗin abin da bai yi daidai ba a sulhun da ake ciki ba tare da an kira su maƙiyan zaman lafiya ba, wani ɓangare ne na gyaran.

Ana yawan auna farfaɗowar garin da yawan tirelolin da ke lodi a ranar kasuwa. Akwai ma'aunin da ya fi wannan faɗin gaskiya: ko ɗan kasuwar da ya sayi masara ko sa a bana zai dawo baɗi, ya ambaci sunan wanda ya sayar masa, ya ce shi yake nema.